Kafet Ɗin da Ya Kwana a Gulbi

Ana gab da kiran magariba Hamsatu ta sauka daga babur ɗin mijinta a ƙofar gidan Hajiya Dela, can bakin gari a kan hanyar Lolo. Tun da hantsi aka aiko ta zo ta ɗauki kafet, amma sai da ta gama wanda ke hannunta ta shanya tukuna. Haliru ya kashe babur ya tsaya a waje. Ita kuma ta gyara goyon 'yarta Fatiha ta yi sallama.

Duk Bagudo an san Hamsatu da wankin kafet da darduma, an kuma san ta da baki. Ni maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba mu, don haka na fi kowa shan bakin nan. In aka shimfiɗa mata kafet, kafin ta taɓa ruwa sai ta karanta wa masu gida tarihinsu kaf. Nan yaro ya yi fitsari aka rufe da tabarma. Nan manja ya zube aka dirje shi da tsumman da ya fi shi datti. Nan kuma maigida yake kishingiɗa yana cin goro. Mata su ji haushi su yi ta tsaki, gobe kuma su sake aika mata, domin in ta dawo da kaya sai ka rantse yanzu aka kwance su daga leda. Ban taɓa ganin mace mai gaba da tabo irinta ba. In tabo ya ƙi fita, ji take kamar zaginta ya yi a gaban mutane.

Hajiya Dela ba ta kai ta falo ba. Wani ɗan ɗaki ta buɗe a bayan madafa, inda ake ajiye buhunan shinkafa. Kafet ɗin na jingine a lungu, an naɗe shi an ɗaure da igiya. Tun kafin a kwance Hamsatu ta ji warin, warin laka da ɗan ƙarni, irin na bakin gulbi idan ruwa ya ja baya.

"Alhaji yas sayo shi Lolo, ga 'yan jirgi," in ji Hajiya. "Daga tsallake anka ɗauko shi, kayan Kwatano na. Ya ɗan sha ruwa bisa hanya."

Suka ja shi tsakar gida suka warware. Kafet ne na gani na faɗa, ja mai duhu, mai kauri, da furanni ruwan zinariya a gefe. A tsakiyarsa akwai baƙin tabo mai faɗin faifai, kusa da shi kuma wani ƙarami kamar murfin kwano. Hamsatu ta durƙusa ta danna babban da yatsa. Da danshi, da sanyi kuma.

"Baƙin mai na, Hajiya, na injin jirgi. Wa yat taɓa shi?"

"Yaran gidan ga sun wanke. Ya hita, ya komo."

"Yaran gidanki wanki sunka iya ko latsa waya?"

Hajiya Dela mace ce mai son raha, amma ranar ba ta yi dariya ba. Ta ce jibi ne sunan jikanta, baƙi za su zo daga Zagga da Lolo, tana son a shimfiɗa shi a falo tun da sassafe. Tana magana tana kallon ƙofa. Da Haliru ya shigo ya saɓa kafet ɗin ya fita, Hamsatu ta ji tsohuwar ta sauke numfashi a bayanta.

A hanya Haliru ya yi ta mita. Ya ɗora kafet ɗin a gabansa bisa tanki, amma babur sai nishi yake kamar an loda masa buhunan shinkafa. Fatiha kuwa daga bayan uwarta sai leƙe take yi, tana miƙa hannu wajen kafet ɗin tana ƙyalƙyala dariya. Hamsatu ta mayar da hannun cikin zane, yarinyar ta sake fiddo shi.

Sai na faɗi wani abu game da Fatiha. 'Ya'ya biyu Hamsatu ta haifa kafin ita, duka ba su kai yaye ba aka kai su makwanci. Fatiha ce ta tsaya. Lokacin ta ɗan haura shekara biyu, ƙiba-ƙiba, baki ya fara buɗewa. Macen da ba ta ragar wa kowa, in yarinyar nan ta yi atishawa sai ka ga ta yar da aiki ta sure ta.

Washegari ranar kasuwar Lolo ce. Haliru ya fita da asuba ɗaukar fasinja, ya ce kada ta jira shi da abinci. Hamsatu ta share simintin tsakar gida, ta shimfiɗa kafet ɗin, ta jera kayan aikinta: baho, buroshi, omo, sabulun salo, kanwa, lemun tsami, toka, da tarin fararen tsummoki. Tana da ka'idojinta, kuma ba ta saɓa su. Ba a dirje tabo daga tsakiya zuwa waje, sai dai a bi shi daga gefe a tattaro shi ciki. Jini ruwan sanyi da gishiri yake so. Fitsarin yara sai kanwa, a bi da lemun tsami. Mai kuwa a fara barbaɗa masa toka ta tsotse, a kakkaɓe, sannan a kawo omo.

Haka ta yi. Ta zuba toka, toka ta jiƙe sharkaf nan take. Ta kwashe ta ƙara. Ta bi da omo da buroshi, ta danna da tsumma, ta ɗauraye. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne tsumman na tasowa fari tas, babu ko ɗigon baƙi, alhali tabon na dusashewa. Kafin azahar dai ya fita, babba da ƙarami. Ta kira ni ta kan katanga na zo na kama mata muka ɗora shi bisa bango. Nauyinsa ya kusa karya min ƙugu.

"Kin gani?" ta ce da ni tana goge zufa. "Wai ya hita ya komo. Shi komo in gani."

Da la'asar ya dawo.

Ko'ina ya bushe ƙayau, rana ta gasa shi, amma ga tabon nan biyu a inda suke, ruwa na ɗiga daga ƙasansu yana bin bango. Ta sauko da shi ita kaɗai, don kunyar kirana take ji, ta sake shimfiɗa shi a siminti. Ta matse lemun tsami har yatsunta suka yi fari. Ta jiƙa kanwa ta zuba. Tabon ya ja baya kaɗan, tana ɗauke tsumma ya sake cikowa daga ƙasa, a hankali, a kan idonta.

Tana juyawa ɗauko ruwa, Fatiha ta hau kafet ɗin ta zauna daf da ƙaramin tabon. Akwai ƙosai a hannunta. Ta gutsura ta ajiye a kan danshin.

"Ci," ta ce.

Hamsatu ta finciko ta, ta ɗan maka mata hannu a cinya, ta kai ta bakin ƙofar ɗaki ta zaunar. Da ta dawo babu gutsuren ƙosan. Ta ce a ranta kaza ce. Kajin nata kuwa duk suna can ƙarshen gida sun cure a gindin turmi, tun safe babu wadda ta tako simintin.

Da wata ce, da nan ta naɗe kafet ta mayar wa mai shi. Amma Hamsatu ce. Ta tsaya ta riƙe ƙugu tana huci, tana hango matan Zagga da na Lolo zaune a falon Hajiya suna nuna tabo da baki, ana cewa ai Hamsatu ce ta wanke. Ta yanke cewa man ya shige can gindin zaren ne, rana na narkar da shi yana tasowa. Irin wannan maganinsa ɗaya ne a wurinta, tafasasshen ruwa da omo da kanwa, a sheƙa masa yana tafarfasa. Ta hura murhu ta ɗora babbar tukunya.

Itacen ɗanye ne, ya yi ta hayaƙi. Kafin ruwa ya tafasa rana ta faɗa bayan bishiyoyi, sama ta yi ja. Shanun Fulani sun wuce ta bayan gida, ƙurarsu ta kwanta. Jemagu sun fara fita.

A garinmu ko yarinya 'yar talla ta san ba a watsa ruwan zafi a ƙasa haka kawai, balle da almuru. Sai an yi bismilla, an ce a kauce, a ɗan dakata, sannan a zuba, domin ba mu kaɗai ke zaune a gidajenmu ba, kuma su ma suna da ƙanana. Hamsatu ta fi kowa kiyaye wannan. Ko ruwan taliya za ta tsiyaye a rariya sai na ji muryarta ta kan katanga tana neman gafara. Amma a ganinta wannan ba ƙasa ba ce, kafet ne, kayan aiki, abin da take takawa kullum. Ko kaɗan abin bai zo mata a rai ba.

Ta kama kunnuwan tukunyar da tsumma. Ta tako a hankali, tururi na dukan fuskarta. Ta fara da ƙaramin tabon.

Ta sheƙa.

Ƙarar da ta tashi ta yaro ce.

Siririya, doguwa, daga ƙasa, daga tsakiyar kafet ɗin. Tukunyar ta suɓuce ta faɗi gefe tana gangarawa. Hamsatu ta waiwaya bakin ƙofa da sunan Fatiha a bakinta.

Fatiha na zaune inda ta bar ta, lafiya lau, da sauran ƙosai a hannu. Idonta na kan kafet ɗin. Ta daina tauna.

Ƙarar ta yanke, ta koma shessheƙa.

Ni a lokacin ina bayan katangar nan ina tuƙa tuwo. Wallahi ban ji komai ba. Ko faɗuwar tukunyar ban ji ba, kuma wannan ne ya fi tsaya min a rai har yau.

Gidan ya yi tsit. Kaji sun yi shiru, jemagu sun ɗauke. Warin laka ya taso ya danne warin omo da na hayaƙi, ya cika mata hanci har tana jin ɗanɗanonsa a harshe. Wutar murhu ta mutu ba tare da iska ba.

Babban tabon ya motsa.

Gashin kafet ɗin ya lotsa, ya miƙe, kamar wani ya tashi daga zaune. Sai wani wuri ya lotsa a gaba, tsawon tafin ƙafa, ruwa ya taru a ciki. Sai wani a gabansa. Sawun ya sauka daga kafet ya hau siminti, jiƙaƙƙe, dogo, yatsun a baje.

Ba wajen Hamsatu ya nufa ba.

Ta yi tsalle, santsin omo ya kwashe ta, ta faɗi da gwiwa. Kafin ta miƙe Fatiha ta zame daga dokin ƙofa a kan bayanta, ƙafa ɗaya a ɗage. Ana jan ta. Rigarta ta tattare zuwa wuya. Ba ta yi kuka ba, numfashi kawai take ja.

Hamsatu ta rarrafa ta cafke hannuwanta biyu daidai lokacin da aka haye da ita kafet ɗin.

Ƙafafun yarinyar suka nutse.

A cikin kafet, a kan siminti, suka nutse har gwiwa kamar a cikin taɓo. Ruwa mai sanyi ya bulbulo ya jiƙa wa Hamsatu ƙirji. Ta ja. Aka ja. Fatiha ta shige har ƙugu.

Ta buɗe baki ta kama Ayatul Kursiyyu, tana tuntuɓe a kan kalmomin da ta haddace tun tana yarinya.

"Karanta," aka ce. "Ni ma na iya ta."

Muryar mace ce, a hankali, daf da kunnenta na hagu. Tana da amo kamar ana magana a cikin randa.

"Da kin yi bismilla da mun kauce."

"Ban sani ba," in ji Hamsatu. Raɗa ce ta fito. "Wallahi ban san da ku ba."

"Ƙasan gulbi yaf faɗo muna. Bisa nai nih haihe ta. Kunka jawo shi da mu, ba mu ce komi ba. Kunka dirje mu da sabulu, munka yi haƙuri."

Shessheƙar nan na ci gaba a gefenta, tana raguwa.

"Kin dahe min ɗiya."

"Ki ɗauke ni. Ga ni. Ki bar ta."

"Mi zan yi da ke?"

Fatiha ta nutse har ƙirji. Hannuwanta sun yi sanyi, suna zamewa saboda kumfa. Ta ɗago ido ta ce, "Inna," sau ɗaya, ƙasa-ƙasa.

Hamsatu ta gaya min cewa a nan ne kunnenta ya koma kan ɗaya kukan. Ta san irinsa. Sau biyu ta taɓa jin kuka na sirancewa haka a cinyarta, ta kuma san abin da ke biyo baya.

"Tana da rai," ta ce. "Ɗiyarki tana da rai. Ki bari in taɓa ta."

Jan bai sassauta ba, Hamsatu ta ɗaga murya.

"Kuna tsaye tana ƙonewa! Ruwan sanyi taka so, yanzu-yanzu. Ki bari in ɗebo."

"Saki taki ki ɗebo."

Randar ruwanta na can gindin rumfa. In ta saki hannun nan, babu abin da ya rage tsakanin Fatiha da ƙasan gulbi sai alƙawarin da ba a ma yi mata ba.

Ta saki.

Ta ce ba ta san yadda ƙafafunta suka kai ta ba. Moɗa ta yi kaɗan, sai ta tura randar gaba ɗaya ta mirgino ta, ta karkata bakinta a kan ƙaramin tabon. Ruwan bai faɗi ƙasa kai tsaye ba. Ya tsaya a iska kamar tsawon kamu ɗaya, ya rabu biyu, ya gangara ta gefe da gefe.

Bayan yaro ne. Ƙarami, a dunƙule, ruf da ciki.

Ta miƙa hannu. Zafi ya dake ta. Fatar ta saɓule, tana manne wa yatsu. A ƙarƙashin tafinta haƙarƙari na hawa da sauka da sauri, kuma bai fi na Fatiha girma ba.

Hawaye ya zubo mata, na tausayi tsantsa, duk da tsoron da ke cinta.

"Sannu," ta ce. "Sannu, ɗiyata. Sannu."

Ta ci gaba da zuba ruwan kaɗan-kaɗan har randar ta ƙare. Ba ta yarda ta kalli gefen Fatiha ba, don ta san in ta kalla hannunta zai tsaya. Ta ruga ɗaki ta ɗauko kwalbar zuma da man kaɗe, ta yagi sabon ɗankwalinta. Ta shafa zumar da bayan yatsa, a hankali, daga gefe zuwa tsakiya. Ta rufa ƙyallen. Ƙyallen ya tsaya a iska, ya ɗauki siffar ɗan bayan, yana motsi da numfashi.

Shessheƙar ta lafa. Numfashin ya daidaita kaɗan.

Can nesa ladan ya ɗaga murya.

"Kullum," in ji muryar. "War haka. Da hannunki."

"Na yarda."

"In ta tashi, taki ta tashi."

"In kuma..." Hamsatu ta kasa ƙarasawa.

Sai ta ji tari a bayanta. Fatiha na kwance a kan kafet ɗin, gaba ɗayanta a waje, jiƙe da laka tun daga wuya har ƙafa, tana amayar da ruwa. Hamsatu ta sure ta. Sai a lokacin yarinyar ta tsala ihu, kuma wannan ihun shi ne abu na farko da na ji. Na yar da muciya na zagayo a guje ba ko mayafi.

Na same su a tsakar gida, uwa ta ƙanƙame 'ya, tukunya a kife, randa a kwance. A idon sawun Fatiha na dama akwai shatin yatsu, dogaye, sun zagaye ƙafar har sun haɗu. Ɗankwalin kuwa na gan shi da idona a tsakiyar kafet ɗin, a tsaye a kan babu komai, yana hawa yana sauka.

Da safe Haliru ya tafi gidan Hajiya Dela ransa a ɓace. Ba ta yi musu ba. Ta ce jirgin da ya ɗauko kayan daga Benin kifewa ya yi da damina, kafet ɗin ya zauna a ƙasan ruwa har sai da gulbi ya janye masunta suka jawo shi. Tun da ya shigo gidanta take jin motsi a ɗakin shinkafa, ta ɗauka in an wanke shi da kyau abin zai tafi. Ta yi kuka ta roƙi gafara. Aka yi suna a kan tabarmi, ba ta kuma sake tambayar kafet ɗinta ba.

Haliru ya so a ɗaure shi da dutse a mayar da shi gulbi. Malamin da ya kira ma haka ya ce. Hamsatu ta zauna a kan kafet ɗin ta ce sai dai a jefa su tare, domin in aka mayar da shi, ina za ta sami yarinyar ta shafa mata magani? Haka aka share ɗan ɗakin da suke ajiye gero aka shimfiɗa shi a ciki.

Tun daga ranar, duk almuru sai ta wanke hannu ta ɗauki zuma da man kaɗe ta shiga ta turo ƙofa. Ba ta kwana a ko'ina. Bikin ƙanwarta a Zagga ma da la'asar ta baro shi. Tana nan tana wankin kafet, amma ba ta ƙara karanta wa kowa tarihin gidansa ba, kuma in tabo ya ƙi fita sai ta naɗe ta mayar ta ce ya fi ƙarfinta. Matan gari suka ce girma ne ya ladabtar da ita. Na bar su da zancensu.

Ciwon nasu ashe ba ya saurin warkewa kamar namu. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Wani lokaci Hamsatu ta fito da fara'a ta ce min fata ta fara tsirowa ta gefen kafaɗa. Wani lokaci ta fito ta zauna a dokin ƙofa ta haɗa kai da gwiwa. Uwar ba ta sake yi mata magana ba, sai dai tana jin sanyinta a gefe. Yarinyar kuwa ta saba da ita. Har ta kan kama mata ɗan yatsa in za ta tashi, sai Hamsatu ta koma ta zauna ta yi mata 'yar waƙar da take yi wa Fatiha. Fatiha ta girma, ta shiga Islamiyya, ga surutu kamar uwarta a da. Shatin ƙafarta bai goge ba.

A 'yan kwanakin nan Hamsatu ta ce min jikin yarinyar ɗakin geron ya yi zafi, numfashin kuma bai yi mata ba. Sannan ta ce a'a, wataƙila zafin gari ne, domin ranar yarinyar har ta yunƙura ta zauna da kanta. Ita ma ba ta san wanne za ta kama ba.

Shekaranjiya ta shiga da zumarta, ta durƙusa, ta miƙa hannu. Hannun ya sauka a kan kafet. Ta lalube shi kusurwa zuwa kusurwa, ta kira, ta jira har aka yi isha'i. Jiya ma haka.

Yau da la'asar na leƙa ta. Ta zubar da ruwan gidan kaf, randa da baho da buta duk a kife. Ta goya Fatiha da zane biyu ta ɗaure tamau, yarinyar da ta isa aike, ƙafafunta na reto har gwiwar uwar. Fatiha na ta mutsu-mutsu tana cewa, "Inna, ki sauke ni, zahi nika ji." Hamsatu ko ta kanta ba ta bi ba. Tana tsaye a tsakar gida ta kafa wa ƙofar ɗakin geron ido, rana kuma na ta yin ƙasa.

Na ce ta zauna ta ci wani abu. Ta kama hannuna, nata ya yi sanyi ƙalau.

"Ke kin hi ni sanin mutane," ta ce a hankali. "In ɗiya ta warke, uwatta ba ta zuwa ta ce an gode?"

Na matse hannunta, ni ma na juya na kalli ƙofar.